Ɗaki Mai Kicin a Sikinos

Sikinos, Litinin 24 ga Yuli, 1989

Zuwa ga mijina Lefteris,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya shago, yaya zafin Larisa? Ina fata kana shan maganin hawan jininka. Yana kan firji, bayan kwalbar zuma. Ni da Mama lafiyarmu ƙalau, mun gode Allah.

Na zauna rubuto maka ne domin a waya ba a iya magana. Waya ɗaya ce a bakin tashar jirgin ruwan tsibirin nan, a shagon mai sigari, kuma duk wanda ke layi kunnensa na kanka. Jiya da ka ce ba za ka zo Talatar gobe ba sai ta sama, na ce "to" ne kawai saboda mutum shida na tsaye a bayana. Ka sani wannan "to" ɗin ba ta kai zuci ba. Na san rani ne, na san sai yanzu firjin kowa ke lalacewa, kuma kai ne mai gyara. Amma kai da bakinka ka yi alkawari a gaban likita, ranar da aka cire mini zaren aikin tiyatar da aka yi mini, cewa bana za ka kai ni teku in huta wata guda, mu biyu. Shekara ashirin da huɗu da aure, wannan ne karo na farko. Mu biyun ya koma mu uku da ka ce ba a barin mahaifiyarka ita kaɗai cikin zafi. Ban yi musu ba. Yanzu an koma mutum biyu, amma ba biyun da aka ce ba.

Masaukin babu laifi. Mai gidan, Kiriya Maruso, mijinta ya rasu a teku, ita ke kula da ɗakunanta huɗu. Matakala sittin da biyu ce daga tasha zuwa ƙofarmu, na ƙirga. Akwai ɗakin kwana, da falo wanda shi ne kicin: murhun gas mai kai biyu, tukunya biyu, kasko ɗaya, da wuƙar da ko tumatir ba ta yankawa. Ruwan famfo awa biyu yake zuwa da safe, sai mu tara a bokiti. Tun a gida na tambaye ka me zan yi da kicin a wurin hutu, ka ce don in dafa kofina lokacin da na ga dama. To, ina dafawa. Ina shan sa a baranda, teku na gabana har inda ido ya gaji.

Sau biyu na shiga ruwa. Lefteris, da ka gan ni! Tun ina 'yar shekara goma sha biyu rabona da teku, amma jikina bai manta ba. Mama kuwa tana zaune a inuwa cikin baƙaƙen kayanta, jaka a cinya, tana ƙwala mini kira: "Ermiyoni, fito haka! Mace da ɗinki a ciki, so kike ruwa ya shige ki?" Da ta ga 'yan matan Jamus da ɗan abin da suka ɗaura, sai da ta yi alamar gicciye sau uku, ta ce, "Waɗannan ba su da iyaye ne?" Amma ba ta daina kallo ba.

Ka zo da wuƙa mai kaifi da hularka. Ka gaishe da maƙwabta, ka ba tukwanen furena ruwa da yamma, ba da rana ba.

Matarka mai kewarka,
Ermiyoni

Sikinos, Juma'a 4 ga Agusta, 1989

Zuwa ga Lefteris,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya. Mama na lafiya. Ni ma ina tsaye da ƙafafuna, in abin da kake son ji ke nan.

Ranar Talata na sa shuɗiyar rigar nan, na gyara gashina, na sauka matakala sittin da biyu na tsaya a rana ina jiran jirgin ruwa. Aka buɗe bayan jirgin, mutane suka yi ta fitowa, ina ta miƙa wuya. Sai na ji an ce, "Matar yaya! Ga mu nan!" Na duba, ƙanenka Argiris ne da tumbinsa, matarsa Pelagiya a baya da gilashinta na rana, 'ya'yansu uku, akwati biyar, har da kwale-kwalen roba. Na ce, "Ina Lefteris?" Ya ce, "Ai aiki ya riƙe shi. Ya ce mu yi gaba, akwai wuri. Me aka dafa? Tun tashar Firiyas rabonmu da abin kirki."

Me aka dafa. Ko sannu bai ce mini ba.

Akwai wuri, in ji ka. Bari in gaya maka wurin. Pelagiya ta leƙa ɗakin kwana ta dafa ƙugu ta ce bayanta ba ya son gadon zare, saboda haka ita da mijinta suka ɗauki ɗakinmu. Yaran suna ƙasa a kan katifun da Kiriya Maruso ta ara mana tana girgiza kai. Mama na kan doguwar kujera. Ni kuwa gadon zarena yana gefen murhu, kaina dab da tukunyar gas, don kada in yi nisa da aikina.

Kuma ka san ranar da suka zo ita ce ranar da azumin Uwar Yesu ya kama. Mama ba ta cin nama, ba ta cin ƙwai, ba ta shan madara har sha biyar ga wata, sai in dafa mata wake ko ganye daban. Yaran sun ce wake abincin kurkuku ne, su taliya da nama suke so. Argiris ya ce shi bai ƙetaro teku don ya ci taliya ba, kifi yake so, kuma ba shi ke wanke kifin ba. Pelagiya tana rage ƙiba, nata dafaffe ne ba mai, amma in na juya baya cokalinta na cikin kwanon yara. Girki huɗu, murhu mai kai biyu, sau biyu a rana. Da ƙarfe tara suke ɗaukar tawul su sauka teku. Da ƙarfe ɗaya su dawo da yashi har gwiwa, su ƙarar da ruwan da na tara, su zauna. Da sun ci su kwanta, ni in yi wanke-wanke da abin da ya rage a gindin bokiti.

Shekaranjiya na ce wa Pelagiya ta taya ni feraye dankali. Ta miƙo mini hannayenta ta ce, "Ayya Ermiyoni, yanzu na shafa jan farce. Ke ma ai kin fi ni sauri, hannunki ya saba." Na ce, "Naki ma zai saba in kin ba shi dama." Ta yi dariya kamar wasa nake. Mama tana jin mu, sai da Pelagiya ta fita ta ce mini gishirin waken ya yi yawa.

Na je waya jiya sau biyu, yaron shagonka ya ce ka fita aiki. Tun ranar Talata ban taɓa ruwan teku ba sai da ido. Ina so ka amsa mini abu ɗaya: da ka ce wa ƙanenka akwai wuri, ka tuna da ni, ko kuwa ka tuna ka ga ba komai?

Matarka,
Ermiyoni

Sikinos, Alhamis 10 ga Agusta, 1989

Lefteris,

Ina gaishe ka don haka aka koya mini fara wasiƙa. Ina fata kana lafiya. Ni ba ni da lafiya, kuma za ka karanta dalili har ƙarshe.

Iskar arewa ta taso tun Asabar, jirgin Talata bai iya tsayawa ba. Kantin tasha ya zama wayam, ba nama, ba madara, burodi sai an hau garin sama. Ba mai shiga ruwa, saboda haka duk bakwai ɗinmu muna cikin ɗaki biyu, yara na dambe, tagogi na bugawa. Ranar Talatar da hantsi, tukunya na kan wuta, gas ya ƙare. Na aika a kira Argiris daga gidan kofi inda yake buga dara da masunta. Aka dawo aka ce ya ce in jira ya gama wannan zagayen. Na jira awa ɗaya. Yara suka fara kukan yunwa. Kiriya Maruso ta tafi garin sama. Na sauka da kaina.

Na san abin da likita ya ce, kana wurin: kada in ɗaga abin da ya fi jarkar ruwa har shekara ta zagayo. Na san wauta na yi. Amma shekara ashirin da huɗu ina yin abu da kaina saboda jiran namijin gidanku ya fi aikin wahala. Na sayi sabuwar tukunyar gas a tasha, na rungume ta na fara hawa. Na wuce ta gaban gidan kofi, ƙanenka ya ɗago kai ya ce, "Kai, matar yaya, ƙarfinki ya fi na jaki!" Masuntan ba su yi dariya ba. Wani tsoho a cikinsu ya miƙe zai karɓa, girman kai ya sa na ce ya bari. A matakala ta arba'in na ji wani abu ya tsarge ni a ƙasan ciki, daidai ɗinkin, kamar an soka mini wuƙa mai zafi. Na zauna a nan. Tsohon ne ya biyo ni ya ƙarasa da tukunyar, ya kuma samo wanda ya kai ni garin sama a bayan motarsa ta kaya.

Likitar tsibirin yarinya ce, ba ta fi 'yarmu Danayi ba. Ta duba ni, ta ce ɗinkin bai buɗe ba amma naman ciki ya ja, saura kaɗan. Ta ce, "Uwa, wa ya sa ki ɗaukar tukunyar gas? Ba maza a gidan?" Na ce akwai. Ta dube ni ta ce, "To ki gaya musu in kika sake, da jirgin sama za a kwashe ki zuwa Atina, in iska ta bari." Ta ce kwana goma ba girki, ba tsayuwa mai tsawo.

Ba ma wannan ne ya sa nake rubuto maka ba.

Da na dawo na kwanta, Pelagiya ta zo ta zauna bakin gadona tana fifita, wai ta zo jaje. Ta ce, "Wallahi ban ji daɗi ba. Ni tun a bikin Ista, da Lefteris ya kawo shawarar nan a gidanmu, na ce masa, anya Ermiyoni za ta iya da mu duka, ga ta ba ta daɗe da fitowa asibiti ba? Ya ce, ku dai ku zo, zan kama ɗaki mai kicin, Ermiyoni in ba ta girki ciwo take yi."

Tun Ista, Lefteris. Watan Afrilu. Lokacin ko tsugunawa ba na iya yi, kai kake ɗaura mini takalmi, ina ganin ba wanda ya yi sa'ar miji kamata. Ashe a lokacin ka riga ka raba ni ga 'yan'uwanka kamar gasasshen rago. Ka zauna a gaban likita ka ce "mu biyu", alhali ka san mu takwas ne. Na tambaye ka me zan yi da kicin, ka dubi idona ka ce kofi. Da ka ce mini, Ermiyoni, ƙanena ba shi da halin kai iyalinsa hutu, ki taimaka, wataƙila da na yi faɗa in gama in yarda, ka san halina. Amma ba ka tambaye ni ba, don ba a tambayar murhu ko yana son a kunna shi.

In ba na girki ciwo nake yi. Yaushe ka taɓa ganina ba na girki, har ka san abin da nake yi? Ranar da na dawo daga haihuwar Danayi, na dafa wa danginka miya. Ranar da aka binne mahaifina, ni na soya kifin makoki. Kwana tara da na yi a asibiti, sai da na cika maka firji kafin in tafi. Ba so nake ba, Lefteris. Ban taɓa so ba. Yi nake saboda ina son ka, na ɗauka kuma kana gani.

Ban san ranar da wannan za ta bar tsibirin ba. Kada ka kira waya, ba zan sauka ba.

Ermiyoni

Sikinos, garin sama, Litinin 14 ga Agusta, 1989

Zuwa ga Lefteris,

Ina gaishe ka, da fatan ka sauka lafiya, teku ba ta wahalar da kai ba. Mai sigari ya aiko cewa ka bar saƙo kana cikin jirgin gobe. Ban sani ba ko wasiƙata ta Alhamis ta same ka. In ba ta same ka ba, tambayi Pelagiya abin da ta gaya mini. Wannan zan bar ta a hannun Kiriya Maruso ta ba ka a ƙofa, domin ba za ka tarar da ni a ɗakin ba. Mahaifiyarka ma ba za ka tarar da ita ba.

Ga yadda aka yi. Kwana biyu bayan likita, Kiriya Maruso ce ta riƙa turo mana abinci, Allah ya saka mata. Ranar Juma'a ba ta samu dama ba. Ƙarfe ɗaya suka dawo daga teku, iska ta kwanta, suka tarar murhu a sanyaye ni kuma a kwance. Argiris ya buɗe tukunya, ya rufe, ya buɗe ɗayar. Ya ce, "Matar yaya, ko ɗan ƙwai ba za ki iya soya mana daga zaune ba? Sai in jawo miki kujera."

Ka san me? Na fara yunƙurin tashi. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi, har yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na sa ƙafa ɗaya a ƙasa.

Sai na ji an buga sanda a kan tebur, har kofuna suka yi tsalle. Mama ce. Ta ce, "Mayar da ƙafar nan." Na ɗauka da wani take. Ta ce, "Da ke nake, Ermiyoni. Kwanta." Ta juya kan Argiris. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce, "Kai, ƙaton banza. Shekararka arba'in da shida, hannunka biyu, ba ka san inda ake fasa ƙwai ba? Matar nan ta ɗauko gas ta gabanka kana zaune kana buga dara, ka kira ta jaka a gaban baƙi. Ni na haife ka, kunya ta hana ni fita baranda kwana uku." Ya ce, "Haba Mama, wasa ne fa." Ta ce, "Rufe mini baki! Ubanku ma haka ya yi mini wasa shekara arba'in, har ya mutu bai san inda gishiri yake a gidansa ba. Ni kuma na tashe ku a kan haka, kai da yayanka. Laifina ne, na ɗauka. Amma ba za ku kashe mini ita a gabana ba." Pelagiya ta buɗe baki, Mama ta nuna ta da sanda ta ce, "Ke kuma farcenki ya bushe ai, yau kwana goma."

Lefteris, shekara ashirin da huɗu matar nan ba ta taɓa cewa miyata ta yi daɗi ba. Na juya fuskata bango na yi kuka, ban ma san na me ba.

Da yamma ta sa takalminta ta hau motar garin sama ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba. Ashe tun ranar Lahadin farko ta yi ƙawa a coci, ƙanwar limamin, Kiriya Kaliyopi, mai ɗaki ɗaya da take ba baƙi. Ranar Asabar da safe ta ce in haɗa jakata. Argiris ya biyo mu har bakin mota yana cewa, "To mu fa? Yaran fa?" Ta ce, "Akwai tukunya biyu da kasko. Akwai wuri."

Ɗakin ƙarami ne, gado biyu, kujera ɗaya, taga mai kallon teku daga can sama. Ko abin dafa ruwa babu. Da rana muna tafiya a hankali, ita da sanda ni da hannu a ciki, zuwa gidan abincin da ke dandali. Ranar farko da aka ajiye mana faranti, wake da man zaitun da burodi mai zafi, Mama ta zauna tana kallonsa ba ta taɓa ba. Na ce, "Mama, lafiya?" Ta ce, "Shekarata saba'in da takwas. In ba gidan biki ko gidan makoki ba, ban taɓa zama a wajen gida an kawo mini abinci ba." Ta ci, ta share farantin da burodi, sannan ta ce gishirin ya yi yawa. Muka yi ta dariya har ɗinkina ya fara ciwo.

Kada ka ɗauka fushina ya huce don na yi dariya. Yana nan inda yake. Ban ce na rabu da kai ba, ban kuma ce zan bi ka Larisa ƙarshen wata ba. Na buga wa Danayi waya daga nan sama, ta ce ɗakinta a Tasalonika a buɗe yake har lokacin da na so. Ina tunani. A karo na farko ina da lokacin yin tunani, kuma ba duk abin da nake tunawa ne zai yi maka daɗi ba.

Gobe azumi zai ƙare, bayan an fito coci za a yi rabon abinci a dandali, da kiɗa. Kada ka zo mini a cikin taro da fure da 'yan'uwanka a baya, don in ji kunyar mutane in ce ya wuce. Ka zauna a ƙasa tukuna. Gadon zaren yana gefen murhu, an bar maka. Ka kwana biyu a kansa, ka ga ƙarfe ɗaya na rana da idonka. Bayan nan, in kana da abin faɗa mini wanda ba "aiki ne ya riƙe ni" ba, motar garin sama tana tashi ƙarfe biyar na yamma. Gidan yana bayan coci, mai koren ƙofa. Mama ta ce za ta ba mu wuri, za ta je ta zauna wajen ƙawarta, amma ta ce in gaya maka sandarta na hannunta.

Ka hau kai kaɗai. Kuma ka ci abincinka kafin ka taho.

Na bar ka lafiya,
Ermiyoni